Injin Awudu da Turmin Goggo

Tun da na dawo daga Akara ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayi sai a yanyame ni: "Sabo, yaya Gana? Da gaske ne maza ke daka a can?" Na faɗa, na maimaita, har na fara ƙara gishiri ban sani ba. Shekaranjiya na ji wani yana ba da labarina, wai ta teku na tafi. To, bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya huta.

Ni dai mai walda ne a Ƙofar Ruwa, kuma kun san halina: abu ya yi motsi, in ƙara masa ƙarfe. Awudu kuwa ɗan Goggo Hadiza ne, ƙanwar babanmu da aure ya kai unguwar Nima ta Akara tun ban yi wayo ba. Taubashina ke nan, amma a waya kaɗai muka san juna. Sana'arsa gyaran keken ɗinki da agogo. A 'yan shekarun nan ya haɗa wa kansa injin sassaƙa, irin wanda ake kira Si-En-Si: ka zana abu a kwamfuta, injin ya ɗauki bakin yanka ya bi zanen a jikin katako shi kaɗai. Na kanti sai manyan kamfanoni ke iya saye. Shi Awudu da alminiyon ɗin tagogi ya haɗa nasa, ƙananan moto masu jan sa kuma daga tsofaffin injinan buga takardu ya ciro su.

Wata safiya ya kira ni, na ji babu wasa a muryarsa. Ya ce an gyara masallacin lungunsu, saura ƙofa. Akwai wani tsoho, Baba Saidu, wanda ya yi dakon katako a ƙuruciyarsa, ya ɓoye manyan alluna biyu na icen odum mai tauri a ƙarƙashin gadonsa tun kafin a haifi Awudu, da niyyar su zama ƙofar masallaci. Yanzu ya fito da su, dattawan unguwa sun ce Awudu ne zai sassaƙa Bismilla da addu'ar shiga masallaci a jiki. Irin allunan nan masu faɗi ba a samun su yanzu, idan aka ɓata, an ɓata ke nan. Ga tsohon yana kwance ba lafiya, kullum sai ya aiko a tambaya ko an fara.

"Injina yana rawa, Sabo," in ji Awudu. "A katako mai taushi lafiya lau. Da ya taɓa mai tauri sai ya kama karkarwa. Ina jin tsoro."

Na ce, "Injin da aka haɗa da taga ai dole ya yi rawa. Shimfiɗa tabarma, ga maigidanka nan tafe."

Na ɗaure guntayen ƙarfen angul mai kusurwa a buhu, na sayi kilishi tsaraba, na hau doguwar bas ta Legas. Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya Rabi, 'yar Maraɗi, mai safarar atamfa tsakanin Akara da Kano. Muna barin Zariya ta gama sanin sunan matata, da yawan 'ya'yana, da dalilin da ya sa ban ƙara aure ba. Da ta ji tafiyata ta farko ce sai ta ce, "Wayyo, ɗanye ne! Daga yau ka zama kayana." Haka kuwa aka yi. Ita ta nuna mini inda zan canja kuɗi, ita ta hana ni sayen wani nama a tasha da ta ce ba ta yarda da fuskarsa ba. A Legas ta riƙe bakin rigata muka tsallaka titi kamar uwa da ɗanta, ni da furfura a gemu.

Daga Legas zuwa Akara iyakoki uku ake ƙetarewa, kuma kowace iyaka sai an sauke buhuna. A ta farko jami'in ya ɗaga ya ji nauyi, ya buɗe, ya dube ni. A ta biyu da Faransanci aka yi mini tambaya, na tsaya ina washe baki, sai da Hajiya ta shiga tsakani. Ban san me ta gaya musu ba, na dai ga sun bushe da dariya suna nuna ni. Da na matsa mata daga baya ta ce, "Ce musu na yi kai mutumin kirki ne, amma ba ka san ana sayar da ƙarfe a Gana ba." A Aflawo, ƙofar shiga Gana, na ga bayani zai yi tsawo, sai na nuna wa jami'in bidiyon injin Awudu a wayata. Ya kalla, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya kira wani. Can sai ga su sun zagaye waya suna gardama ko injin zai iya zana fuskar mutum. Direbanmu yana ta hon, su ko a jikinsu.

Na sauka Akara da hantsi, ƙafafuna sun kumbura kamar burodi. Awudu ya tarye ni a tasha, ɗan siriri da tabarau. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Cale, ashe haka kake da tumbi? A waya ba ya fitowa." Cale ɗin nan, wato aboki, ba sa jimla biyu ba su sa shi ba. Muka rungume juna, kuma ba zan ɓoye ba, na ji ƙwalla, don idanunsa sak na babanmu.

Muka shiga turoturo, ƙaramar bas ɗinsu, zuwa Nima. Jama'a, Nima unguwa ce da za ka rantse kana Fagge, sai ka ji an juya harshe. Ga kiran salla, ga mai koko da ƙosai, ga mai tsire, kowa yana Hausa, amma Hausar ta sha ruwan teku. Mutum zai fara magana da Hausa, ya bi ta yaren Tuwi, ya ƙarasa da Turanci, bai ko lura ba. Mace ma "ya zo" ake ce mata. Kuma yawancinsu ba Hausawa ba ne: wannan kakansa Mosi, wancan Zabarma, wancan Kotokoli, Musulunci da zaman tare suka haɗa su harshe ɗaya. Lungunan kuwa, wani idan ka haɗu da mai ɗauke da tire sai ɗayanku ya koma da baya. Ranar farko na fita sayen reza na ɓace, na ɓulla unguwar Mamobi. Da na ce gidan Hadiza nake nema ba wanda ya sani. Sai da na ce mai fufu, aka ce, "Aa, Mma Adiza!" aka rako ni har ƙofa.

Goggo ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba. Ta riƙe fuskata tana kuka tana kiran sunan babanmu, tana gamawa ta ce, "Wannan ƙaton, me suke ba ka a Kano?" Gidan irin na haya ne mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. Da safe bokiti ne ke bin layin wanka, ba mutum ba, kowa ya san nasa. Ni na kwana ɗakin Awudu, jirage suna wucewa ta kanmu kamar za su sauka a kan kwano. Abinci kuwa na ci har na ji kunya. Akwai shinkafa da wake da suke dafawa da karan dafi ta yi ja, a zuba mata shito, wani baƙin yaji mai kifi. Na ɗauka miya ce na zuba cokali cike. Awudu yana kallo bai hana ni ba, sai da hawaye ya zubo mini ya ce, "Sannu, maigidana." Sana'ar Goggo fufu ce, sakwarar rogo da agade, da miyar gyaɗa. Daga hantsi zuwa la'asar ana daka a tsakar gida, masu ci suna zaune a rumfar ƙofar gida.

Shagon Awudu ɗaki ne a cikin gidan, bangonsa ɗaya da tsakar gida. Da na ga injin, gaskiya abin ya burge ni. Teburi ne, a kansa wata gada mai tafiya gaba da baya, ita ke ɗauke da bakin yanka. Ya sa alƙalami a maimakon baki, injin ya zana da'ira a takarda, ya koma ya bi ta kanta, layin bai yi kauri ba. Amma da na ɗora yatsa ɗaya a kan gadar na danna, sai ta sunkuya.

"Ka gani?" na ce. "Wannan ai ba inji ba ne, ɗan rawa ne."

"Aunawarsa daidai take har gashin kai," in ji shi.

"A takarda. Takarda ba ta turo ka. Odum kuwa ka tura shi ya turo ka."

Ya bar ni na yi yadda nake so, yana gefe yana cizon yatsa. Na ari injin walda a unguwar Alajo, na haɗa sabuwar gada da angul ɗin da na sha wuyar kawowa, mai kaurin da ko ni na hau ba za ta motsa ba. Muka ɗora, muka sa guntun katako mai tauri na gwaji. Karkarwa ta tafi, na fara taƙama. Sai da aka gama muka duba: da'irar ta fito kamar ƙwai, bakinta bai ma haɗu ba. Gadar ta yi wa ƙananan moto nauyi, suna ja suna tsallake taku. Awudu ya ɗora ma'auni a kanta, ashe zafin walda ya ɗan murɗe ƙarfen, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu.

Ya cire tabarau ya goge. "Cale, dā injina rawa yake yi amma ya san hanya. Yanzu ya tsaya ƙyam, ya ɓace."

Goggo ta leƙo ta ce, "Ɗaya ƙarfi ba ido, ɗaya ido ba ƙarfi. Allah ya haɗa ni da aiki."

A ranar muka je gaida Baba Saidu. Yana kwance a ɗan ɗakinsa, ya rame ƙwarai. Da aka ce ga baƙo daga Kano ya zo saboda ƙofa, sai ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Bai tambaye mu yaushe ba. Ya ce kawai, "Itacen ya jira ni da yawa. Kar ni kuma in gaji da jira." Muka fito. Daga nan na daina tsokanar injin, shi ma ya daina tsokanar tumbina, na ɗan lokaci.

Muka zauna muka yi ciniki kamar masu raba gado. Na yarda nauyi ya sauka ƙasa, inda ba ya tafiya: muka cika ƙafafun teburin da yashi, muka ɗaure su da angul ɗina. Shi kuma ya yarda a rage wa gadar tsayi, don duk abin da ya yi tsawo sai ya yi lilo. Muka mayar da ta alminiyon, na sa mata 'yan tokara a kusurwa, siraran ƙarfe masu hana ta sunkuyawa. Walda kuwa ya ce ko kusa, sai noti, don a iya sassautawa a daidaita. Wannan ta yi mini ciwo, amma na haɗiye. Sannan muka amince injin ya riƙa yankan kaɗan-kaɗan, ya bi layi ɗaya sau da yawa maimakon ya nutsa lokaci guda. Zai ci yini guda cur, amma ba zai yi kokawa da itacen ba.

Washegari da sassafe muka gwada. Tubarkalla! Harafi ya fito sumul, gefensa kamar an yanka da reza. Muka yi ta tafawa. Bayan azahar muka sake gwadawa don mu tabbata, sai ga 'yan haƙora a gefen layi, ƙanana, a jere. Muka ƙara ɗaure noti. Da safe lafiya, da rana haƙora. Awudu ya ce wutar lantarki ce ke raguwa. Ni na ce jirage ne. Har tsayawa na yi a ƙofa ina kallon sama, in jirgi ya taho in yi ihu, shi kuma ya duba layin. Babu ruwan jirgi. Ga Juma'ar da dattawa suka sa don kafa ƙofar tana matsowa, allunan Baba Saidu suna jingine a bango, ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓa su.

Ana cikin haka wata rana na fito tsakar gida raina a ɓace. A Gana, ku sani, namiji ne ke riƙe taɓarya, mace tana zaune tana juya fufu a turmi da hannu tsakanin bugu da bugu. Taɓaryar ta fi ni tsawo. Mai yi wa Goggo daka ya tafi cin abinci, sai ta ce, "Kai, ɗan Kano, tumbin nan na ado ne? Zo ka biya kuɗin miyata."

Na ce, "Goggo, a gida in aka gan ni da taɓarya ai na gama yawo."

"Nan ba gida ba ne. Kama!"

Matan gidan suka fito kallo. Na ce to, yau za su ga hannun da ke dukan ƙarfe. Na ɗaga na sauke, tim! Goggo ta janye hannu ta ce, "A hankali, rogo ne, ba ɓarawo ba!" Na ƙara, na ƙara, mata suna guɗa suna tafi, na fara jin daɗin abin har ina canja ƙafa. Sai ga Awudu ya faɗo daga shago da guntun katako a hannu, tabarau a karkace.

"Tsaya! Sabo, tsaya! A'a, ci gaba! Buga ɗaya!"

Ya koma ciki da gudu. Na buga. Ya ƙwala ihu daga ciki: "Shi ne!"

Ashe turmin Goggo da injin a kan daɓen siminti ɗaya suke, bango ne kawai a tsakani, daɓen kuma siriri ne. Kowane bugu sai ya bi ta ƙasa ya hau ƙafafun injin ya sauka a bakin yanka. Mai dakan Goggo hannunsa da sauƙi, shi ya sa haƙoran suke ƙanana. Nawa kuwa, da ya nuna mana katakon, kamar kura ta ciza. Awudu a cikin ƙarar dakan nan aka haife shi, kunnensa ya daina jin ta, ni kuma ina can ina zargin jirage. Muka yi dariya har na zauna a ƙasa. Goggo ta ce, "To, ga amfanin ƙato."

Da dariya ta lafa sai muka dubi juna. Aikin yini guda ne, kuma Goggo ba ta taɓa rufe rumfarta ba sai ranar Salla. Masu cin fufunta tun daga unguwar Kanda suke zuwa. Awudu ya fara kame-kame, wai ko a kai injin wani wuri, alhali in aka motsa shi sai an sake daidaita komai daga farko. Goggo ta wanke hannu ta ce, "Ƙofar masallaci ce ko? Ta Saidu? Gobe ba a daka a gidan nan. Wanda ya zo ya ci tuwon shinkafa, wanda ba ya so ya yi azumi." Ta bi ɗaki-ɗaki ta gaya wa matan gida, ko yaji kar wadda ta daka.

Ban taɓa ganin yini irin wannan ba. Gida mai hayaniya kamar tasha ya koma ana tafiya da sanɗa. Goggo ta kifa turmi ta zauna a kai kamar mai gadi. Masu ci suka zo suna ƙorafi, da aka gaya musu dalili sai su leƙa shago, su koma su ci tuwonsu. Wani direban turoturo ma ya cire takalmi kafin ya leƙa. Awudu ya yi Bismilla ya danna. Bakin ya sauka a kan odum, ƙurar itace mai ruwan zuma ta fara tashi. Ni aikina share ƙura da tsintsiya, injin kuwa ko gezau. Kafin magariba allo na biyu ya sauka. Muka shafa mai, rubutu ya fito baƙi-baƙi a cikin ja, babu haƙori ko ɗaya. Awudu ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Na ce, "Kuka kake yi, ɗan taga?" Ya ce ƙura ce.

Madogaran ƙofar dai, ƙarafan da take juyawa a kansu, ni na yi su, kuma da walda, ba wanda ya isa ya hana ni.

Ranar Juma'a da hantsi aka kafa ta. Aka ɗauko Baba Saidu a kan kujera, maza biyu suna riƙe, lungu ya cika har kan katanga. Da aka ajiye shi a gaban ƙofar na ga yana ta ƙifta ido yana karkata kai, sai a lokacin na gane ba ya ganin rubutun. Duk wahalar nan, mai itacen ba zai gani ba?

Ya ce a tashe shi. Aka riƙe shi ta hammata, ya miƙa hannu ya lalubo farkon layi daga dama. Ya sa yatsa a cikin harafin farko ya fara bi, leɓensa yana motsi. Harafi bayan harafi yake karantawa da yatsa, bai tsaya ba, bai koma baya ba, har ya kai ƙarshen addu'ar, jama'a suka amsa da amin. Ya jingina goshinsa da itacen ya ɗan jima. Liman ya ce a mayar da shi kujera a shigar da shi.

"Ku ajiye kujeran nan," in ji Baba Saidu. "Ku sake ni."

Suka sake shi a hankali. Ya tura ƙofarsa da kansa, ta buɗe ba ƙara, ya ɗaga ƙafar dama ya shiga.